Yadda za ka zaɓi mojul ɗin da zai haɗa na'urarka da laftof ko tabulet ba tare da kebul ba

Duk wanda ya taɓa harhaɗa na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa a ciki, injin ƙyanƙyasar ƙwai ne, ma'aunin ruwan tanki ne, ko abin lura da batirin sola, ya san akwai ranar da kebul ke isar mutum. Na'ura tana can saman tanki ko a cikin ɗakin kaji, kai kuma so kake ka ga lambobinta a laftof kana zaune a inuwa. Daga nan ake fara tambayar mojul ɗin da za a saya, wato ɗan allon rediyo da ake ƙara wa na'ura don ta aika bayanai ta iska. A Bauchi, ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) na Yelwa da Gubi, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, musamman 'yan ajin ƙarshe, kusan tambayarsu ɗaya ce: "Malam, HC-05 zan saya ko ESP32?" Ni kuwa kullum sai in ce a ajiye maganar mojul tukuna, a faɗa mini abin da ke hannun wanda zai yi aiki da na'urar. Zaɓin daga can yake farawa, kuma yawancin kuɗin da ake asara a wannan harka a wannan gaɓar ake asararsu.

Mataki na farko: duba abin da ke hannun mai aiki

Laftof da tabulet rediyo biyu suke da shi na magana da abin da ke kusa da su: Wi-Fi da Bluetooth. Duk mojul ɗin da ba ya jin ɗaya daga cikin biyun nan, ba zai taɓa magana da su kai tsaye ba. Wannan ya fitar da nRF24L01, duk da cewa shi ma a zangon 2.4 GHz yake aiki, ya fitar da ƙananan mojul na 433 MHz irin na rimot ɗin ƙofa, ya kuma fitar da LoRa. Dukansu suna da amfani, amma tsakanin na'ura da na'ura. In ka zaɓe su, dole ka gina na'ura ta biyu da za ta karɓi saƙon ta miƙa wa kwamfuta ta USB ko ta Wi-Fi.

Sai abin da ya fi rikita mutane: Bluetooth iri biyu ne, suna ɗaya amma ba sa jin maganar juna. Akwai na da, wanda ake kira Classic, shi ne HC-05 da HC-06 ke amfani da shi ta hanyar da ake kira SPP, wato kwaikwayon kebul ɗin siriyal a iska. Akwai kuma BLE, mai cin wuta kaɗan, wanda ya shigo tare da Bluetooth 4.0 a 2010.

Laftof mai Windows 8 ko sama yana jin duka biyun, muddin rediyonsa ya kai 4.0. Tabulet mai Android shi ma haka, tun daga Android 4.3 na 2013 aka sa masa BLE. Amma iPad da iPhone ba sa buɗe SPP ga mojul irin na kasuwa. Sai kayan da Apple ya amince da su a shirinsa na MFi. Ka kunna HC-05 kusa da iPad, ka yi ta nema har dare, ba za ka samu hanyar aika masa ko harafi ɗaya ba, kuma babu wani gyara a shirinka da zai canja haka. Saboda haka idan mai gonar kajin da kake yi wa aiki iPad ne a hannunsa, ko akwai yiwuwar ɗansa ya zo da iPhone ya ce zai duba, HC-05 ya fita daga lissafi tun kafin ka taɓa aljihu.

Ka je ka ga na'urar da idonka, kada ka tsaya a "ai tabulet ne". Shiga saitinsa ka ga wane Android ne. A laftof ka buɗe Device Manager ka tabbata akwai Bluetooth, domin a cikin tokumbo da ake sayarwa akwai waɗanda ba su da shi, akwai kuma masu tsohon rediyo da bai kai 4.0 ba. Laftof na ofis ko na asibiti kuwa, sau da yawa an kulle shi yadda ba za a iya sa masa sabuwar manhaja ba. A irin wannan hali burauza ce kaɗai ƙofarka, kuma hakan yana tura ka zuwa Wi-Fi.

Mataki na biyu: me za a aika, daga ina, da wace wuta

Rubuta amsar tambayoyi uku a takarda.

Nawa ne bayanan? Zafin ɗakin ƙyanƙyasa da danshinsa duk bayan daƙiƙa goma, 'yan bayit ne kawai, BLE ya ishe su. A tsarinsa na asali BLE bayit 20 yake ɗauka a kowane ƙunshi, ana iya ƙara shi idan ɓangarorin biyu sun yarda, amma ba a yi shi don manyan kaya ba. Idan hoto za ka aika, ko za ka sauke bayanan wata guda da aka tara a katin ajiya, Wi-Fi ne.

Ina mutum zai tsaya? Bluetooth irin na HC-05 an gina shi ne a kan kimanin mita 10 a fili. Wi-Fi ya fi shi nisa sosai, amma bango yana cin kowannensu. Idan mai na'urar yana so ya duba rijiyar burtsatsen gonarsa da ke hanyar Dass alhali yana gida a Fadaman Mada, to maganar ta wuce haɗin kusa, ta zama ta intanet, zan taɓo ta a ƙasa.

Wace wuta na'urar za ta ci? Idan tana jikin sola mai babban batiri ko inbata, Wi-Fi ba matsala. Idan ƙaramin batiri ne ake so ya yi watanni, BLE ne, ko kuma na'urar ta riƙa barci tana farkawa lokaci-lokaci. Kada ka gina lissafinka a kan cewa wutar layi za ta zauna awa 24.

Mataki na uku: sanin mojul ɗin kansu

HC-05 da HC-06 su ne mafi sauƙin fahimta. Ka haɗa su da ƙafafun TX (na aikawa) da RX (na karɓa) na Arduino, wato allon ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake ɗora wa shiri, duk abin da ka rubuta a siriyal ya fita ta iska. A Windows, da zarar an ƙulla su, sai tashar COM ta bayyana kamar ka soka kebul, don haka tsohuwar manhajar da aka rubuta don kebul za ta ci gaba da aiki ba tare da an taɓa ta ba. Wannan ce babbar falalarsu, kuma ita ce kaɗai dalilin da zai sa in ba da shawarar su a yau. HC-06 jira kawai yake a kira shi, HC-05 kuwa yana iya kira yana iya amsawa.

HM-10 kamar HC-05 yake a siffa da haɗi, amma BLE ne, an gina shi a kan cif ɗin CC2540 ko CC2541 na Texas Instruments. Yana magana da iPad da Android. Sai dai a Windows ba ya fitowa a matsayin COM, dole a samu manhajar da ta san BLE, kuma jabunsa sun cika kasuwa, kowanne da umarnin da yake ganewa.

ESP8266 na kamfanin Espressif da ke Shanghai ya fito a 2014, shi ne ya karya farashin Wi-Fi ga masu ƙananan ayyuka. Wi-Fi kawai gare shi, ba Bluetooth, kuma ƙafa ɗaya tak yake da ita ta auna analog. Allunan NodeMCU da D1 mini a kansa aka gina su. Har yanzu yana aiki lafiya, amma bambancin kuɗinsa da ƙanensa ESP32 bai kai a ce an tsaya a kansa a sabon aiki ba.

ESP32 ya biyo baya a 2016, yana da Wi-Fi, yana da Classic, yana da BLE, kuma shi kansa ƙwaƙwalwa ce mai ƙarfi da ke gudu har 240 MHz, don haka sau da yawa ba ka buƙatar Arduino a gefe. A nan fa a kula da suna, domin ESP32 yanzu zuri'a ce. Na asali, wanda ake gani a mojul ɗin WROOM-32, shi ne mai Bluetooth iri biyu. ESP32-S2 ba shi da Bluetooth sam. ESP32-C3 da ESP32-S3 suna da Wi-Fi da BLE amma ba Classic. Wanda ya rubuta shirinsa da laburaren BluetoothSerial sannan ya sayi C3 don ya fi araha, shirin ba zai yi aiki ba. Karanta rubutun da ke kan murfin ƙarfen mojul ɗin, kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa.

Idan batiri ne kan gaba a komai, nRF52832 da nRF52840 na Nordic Semiconductor sun fi ESP32 tattalin wuta a BLE nesa ba kusa ba, sai dai sun fi wuyar samu a nan, sun kuma fi buƙatar haƙurin koyo. Akwai kuma Raspberry Pi Pico W na 2022 ga mai son rubuta shiri da yaren MicroPython.

Ra'ayina a fili: in ba ka da wani dalili na musamman, ɗauki ESP32 na asali, ka sa shi ya buɗe nasa Wi-Fi, ya nuna bayanansa a shafin da kowace burauza za ta buɗe. Windows, Android, iPad, duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ba wanda zai sauke wata manhaja. Na fi damuwa da wannan fiye da komai, domin na'urar da sai mai ita ya neme ka duk lokacin da ya canja waya, ba ka gama ta ba tukuna.

Wani zai ce ai akwai Web Bluetooth, wanda ke barin shafin burauza ya yi magana da BLE. Gaskiya ne, yana aiki a Chrome da Edge a Windows da Android. Amma Safari na iPad ba ya yi, Firefox ma haka, kuma sai shafin yana kan HTTPS.

Mataki na huɗu: wuta

A nan zan daɗe, domin mafi yawan mojul ɗin da ake cewa "ya mutu" ko "jabu ne", yunwa ce ke damunsa.

Duk waɗannan mojul a 3.3 bolt ƙwaƙwalwarsu ke aiki. Arduino Uno da Nano da Mega kuwa 5 bolt suke fitarwa a ƙafafunsu. Allon HC-05 mai ƙafa shida yana da regileta, shi ya sa ƙafar VCC ɗinsa, wato ta shigar wuta, ke karɓar 5 bolt, amma ƙafar RX ba ta da wannan kariya. Maganin rizista biyu ne: 1k daga TX na Arduino zuwa RX na mojul, sai 2k daga RX ɗin zuwa GND. Lissafin ya ba ka kashi biyu cikin uku na 5, wato kimanin 3.3. A ɗaya ɓangaren, TX na mojul zai iya shiga RX na Arduino kai tsaye. Ka tuna TX zuwa RX ake yi, RX zuwa TX, kuma GND ɗin duka biyun dole ya haɗu.

Sai ƙarfin ja. Lokacin da ESP32 ke aika saƙo ta Wi-Fi yana iya jan kusan mA 240, shi ya sa kamfanin ya ce a ba shi tushen wuta mai aƙalla mA 500. Ƙafar 3.3 ta Arduino Uno mA 50 aka rubuta mata. Wanda ya rataya ESP-01, ƙaramin mojul mai ESP8266, a wannan ƙafa zai ga fitila ta kama, ya ɗauka komai lafiya, amma da rediyo ya yunƙura sai wuta ta faɗi, mojul ya sake tashi daga farko. A ESP32 za ka ga alamar da idonka: buɗe Serial Monitor a 115200, za ka ga layin "Brownout detector was triggered", sai rubutun tashi, sai layin ya sake dawowa, haka ba iyaka. In ka ga haka kada ka taɓa shirin. Canja kebul ɗin USB zuwa gajere mai kauri, canja caja, ka sa kafasita mai 470 µF ko sama kusa da ƙafafun wuta, tare da ƙarama mai 100 nF.

Idan daga batirin sola mai 12 bolt za ka ɗauko wuta, kada ka sa regileta irin 7805 ko AMS1117 su sauke ta kai tsaye. Su duk rarar da ke tsakani zafi suke mayar da ita, kuma a watan Maris da Afrilu na Bauchi, lokacin da zafi kan haura digiri 40, akwatin da ke rana ba ya buƙatar ƙarin murhu a cikinsa. Sa ƙaramin mai sauke wuta irin LM2596 ko MP1584, ka saita shi a 5 bolt da mita kafin ka haɗa komai a bayansa. Wannan "kafin" ɗin da gaske nake: daga shago ba a saite yake zuwa ba.

Batirin litiyam na 18650 kuma yana da nasa tarko. A cike 4.2 bolt yake, yana sauka zuwa wajen 3.7 a yawancin aikinsa. AMS1117 da ke kan yawancin allunan ESP32 yana buƙatar rarar kusan bolt ɗaya a sama da 3.3, don haka ba zai riƙe wuta daidai daga batiri ɗaya ba. Ko ka sa mai ɗaga wuta zuwa 5, ko ka nemi regileta mai ƙaramar rara. Yi lissafin kwana da mita a hannu: in ka auna ka samu na'urarka tana jan mA 120 da Wi-Fi a buɗe, batiri mai mAh 2500 ba zai cika kwana ɗaya ba. Duk 18650 da aka rubuta wa mAh 9900 ƙarya ce, yawancin na gaske ba sa wuce wajen 3500. Kuma batirin litiyam ba a son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali mojul ɗin WROOM-32 kansa yana jure har 85. Batirin ne zai fara gajiya, don haka a nema wa akwati inuwa.

Abu ɗaya da ke ɓata wa masu sensa rai: a ESP32 na asali, ƙafafun analog na rukunin ADC2 ba sa aunawa yayin da Wi-Fi ke kunne. Sa sensarka a GPIO 32 zuwa 39, su ne na ADC1.

Mataki na biyar: eriya da akwati

Dubi ƙarshen mojul ɗin WROOM-32, wajen da murfin ƙarfe ya ƙare. Akwai baƙin yanki da wani zanen tagulla mai lanƙwasa a ciki. Wannan ce eriya. Kada waya ta bi ta kanta, kada batiri ya kwanta a kanta, kada tagullar allo ta kasance a ƙarƙashinta. In da hali ta leƙo waje daga gefen allon.

Akwatin ƙarfe yana kashe sigina. Mu kuwa a nan muna son akwatin ƙarfe saboda ɓarayi da awaki da rana. In dole ne sai ƙarfe, sayi WROOM-32U, wanda maimakon zanen tagulla yake da ɗan ƙaramin soket na U.FL, ka ja siririyar waya zuwa eriyar sanda da za ka ɗaura a wajen akwatin. Ka tabbata eriyar ta 2.4 GHz ce, domin ta 433 da ta GSM kamarsu ɗaya a ido. Soket ɗin U.FL ba ya son yawan cirewa da mayarwa. Danna shi sau ɗaya ka ɗiga masa gam.

Ruwa ma yana shanye sigina a wannan zango. Ma'aunin da aka manna a bayan tanki cike da ruwa, gida kuma yana ɗaya gefen, zai yi ta yankewa. Juyo da shi gefen da ke kallon gida. Ginin siminti mai rodi da rufin kwano su ma suna rage ta. Kada ka yi hasashe, auna: manhajar duba Wi-Fi a waya za ta nuna maka ƙarfin a dBm. Wajen -50 zuwa -60 lafiya lau, -70 ana iya aiki, da ya kai -80 ka shirya wa yankewa. Yi awon a inda mai aiki zai zauna, ƙofa a rufe, akwati a rufe.

Ramin da waya ta shiga akwati a toshe shi, ya kuma kalli ƙasa, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina.

Mataki na shida: saye da gwajin farko

Yawanci daga Legas ko Kano ko Jos ake turo kayan nan, ko a yi oda daga Sin a jira makonni. Sayen mojul ta hoto cinikin biri a sama ne, don haka sayi biyu ko uku, ka nemi a ɗauko maka hoton rubutun da ke kan murfin kafin ka biya. In aikin na sayarwa ne da yawa, ba na makaranta ba, ka san cewa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke tantance kayan rediyo da ake sayarwa a Najeriya, ka bincika ƙa'idarta tun da wuri.

Da kaya sun iso, gwada mojul shi kaɗai kafin ka yi masa soda. Ga ESP32: soka shi a laftof. In tashar COM ba ta fito ba, juya allon ka karanta ƙaramin cif ɗin da ke kusa da USB, CH340 ne ko CP2102, ka sa direbansa. In har yanzu shiru, kebul ɗinka na caji ne kawai, ba wayoyin data a ciki. Ɗora misalin WiFiScan da ke zuwa da Arduino IDE. In ya jero sunayen Wi-Fi na unguwa, rediyonsa lafiya. Wasu allunan sai ka danne maɓallin BOOT lokacin da ake ɗora shiri.

Ga HC-05: da ka ba shi wuta fitilarsa za ta riƙa ƙyaftawa da sauri, alamar yana jiran haɗi. Cire wuta, danne ɗan maɓallin da ke kansa, mayar da wuta. Yanzu za ta koma ƙyaftawa a hankali, kusan duk daƙiƙa biyu. Ka shiga yanayin umarni ke nan, gudunsa 38400, kuma a Serial Monitor sai ka zaɓi Both NL & CR. Rubuta AT, ya amsa OK. Da AT+NAME ake canja suna, da AT+PSWD ake canja lambar sirri daga 1234 da kowa ya sani, da AT+UART ake canja gudu daga 9600 na asali. Bayan ka ƙulla shi da Windows za ka ga COM biyu; mai alamar Outgoing ita ce taka. A Uno, ƙafa 0 da 1 su ne hanyar ɗora shiri, don haka ko ka cire mojul lokacin ɗorawa, ko ka mayar da shi wasu ƙafafu da SoftwareSerial.

Ga BLE kowane iri: sauke manhajar nRF Connect a waya, ka nemo mojul ɗin. A HM-10 bayanai ta layin da manhajar ke nunawa da lambar FFE1 suke bi, a ƙarƙashin FFE0. Daga Android 6 zuwa 11 sai an ba manhaja izinin sanin wuri kafin ta ga BLE. Daga Android 12 izinin na'urorin kusa take nema. Mutane da yawa suna hana izinin sannan su ce mojul ba ya fitowa.

Mataki na bakwai: haɗa Wi-Fi yadda zai zauna

Hanya biyu ce. Ko na'ura ta buɗe nata Wi-Fi laftof ya shigo, ko ta shiga na gidan tare da laftof.

Ta farko ita ta dace da gona, shago, da duk inda babu rauta. Da WiFi.softAP ka ba ta suna da kalmar sirri mai aƙalla harafi 8; in ta gaza haka ba za ta kafu ba. Adireshinta na asali 192.168.4.1 ne, shi za a rubuta a burauza. A saitin asali na'ura huɗu take karɓa a lokaci ɗaya. Matsalar da za ka fara karo da ita ita ce Android: yana ganin wannan Wi-Fi ba intanet, sai ya tambaya ko a ci gaba da zama, in ba a amsa ba yana iya komawa kan datar SIM, shafi ya ƙi buɗuwa. Koya wa mai aiki ya amsa da e, ko ya kashe data. Kuma duk abin da shafin ke buƙata, rubutu da zane da komai, ya kasance a cikin ESP32 ɗin. Shafin da ke ɗauko wani yanki daga intanet zai yi kyau a teburinka ya fito a wargaje a gona. Yi manyan lambobi, manyan maɓallai, ka rubuta su da Hausa in da Hausa mai kula da wurin yake karatu.

Ta biyu ta dace da ofis, asibiti, ko gida mai rauta ko MiFi. ESP8266 da ESP32 da C3 da S3 duk 2.4 GHz kawai suke ji. In hotsfot ɗin waya yana kan 5 GHz ba za su gan shi ba. A Android a canja zango, a iPhone a kunna Maximize Compatibility. Ka sa rauta ta riƙa ba na'urar adireshi ɗaya kullum. Abu mafi muhimmanci a garin da ake ɗauke wuta: in wuta ta dawo, ESP32 yana tashi cikin daƙiƙa, rauta kuwa tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu. Shirin da ya gwada sau ɗaya ya haƙura zai zauna a kurma har sai wani ya zo ya kashe ya kunna. Rubuta shi ya yi ta gwadawa, kuma ainihin aikin na'urar, juya ƙwai ko kashe famfo in tanki ya cika, kada ya taɓa jiran Wi-Fi. Haɗi ya yanke ko bai yanke ba, ƙwai su juya.

Ana iya kunna Wi-Fi da Bluetooth tare a ESP32, amma rediyo ɗaya suke rabawa, kuma shirin yana kumbura har sai ka zaɓi Huge APP a rabon ma'ajiya. In ɗaya ya isa, bar ɗayan a kashe.

Idan na'urar da kake son jin bayananta ba kai ka gina ta ba, misali inbata ko mitar wuta, duba irin tashar da ke jikinta. RS232 sai ta bi ta MAX3232 kafin ta taɓa ESP32, domin ƙarfin wutarta zai ƙona ƙafa. RS485, wadda tsarin musayar bayanai na Modbus ya fi bi, tana buƙatar nata cif ɗin, kuma a zaɓi mai aiki da 3.3 bolt irin MAX3485.

Ga wanda nisansa ya wuce Wi-Fi: ko ka ajiye MiFi kusa da na'urar ta riƙa tura bayanai ta intanet da tsarin MQTT, ko ka sa mojul mai SIM. SIM800L 2G ne kawai, yana son wuta tsakanin 3.4 da 4.4 bolt, kuma yana iya fizgar har amfiya 2 a ɗan lokaci, don haka duk abin da na faɗa a kan wuta ya ninka a kansa. Je wurin da wayarka ka ga wane layi ke kamawa kafin ka saya.

Mataki na takwas: kulle ƙofa, sannan miƙawa

Na'urar da ke nuna zafi kawai, in maƙwabci ya leƙa ba a yi asara ba. Wadda ke kunna famfo, ko hita, ko buɗe ƙofa, magana ce daban. Kada ka bar Wi-Fi ɗinta ba kalmar sirri, kada ka bar 1234, kada ka sa kalma ɗaya a duk na'urorin da ka sayar. BLE da ba a saita masa tantancewa ba, duk mai nRF Connect da ke kusa zai iya rubuta masa umarni. Kada kuma ka buɗe tashar rauta don a shigo wa na'urar daga intanet kai tsaye. Sa iyaka a cikin shirin kansa: hita ta mutu in zafi ya wuce ƙima ko da wane umarni aka aiko, famfo ya tsaya bayan wani lokaci.

Sa hanyar sabunta shiri ta iska, wato OTA, da kalmar sirrinta, tun kafin a ɗaura akwati a saman tanki. Zaɓin Huge APP ba ya barin wurin OTA, don haka in kana son babban shiri da OTA duka biyun ɗauki Minimal SPIFFS.

Kafin ka miƙa, bar na'urar ta kwana biyu ko uku a kunne a inda za ta zauna. Ɗauke mata wuta ka mayar sau da yawa ka ga ko tana dawowa da kanta. Gwada da tabulet ɗin mai ita, ba da naka ba, kuma shi ya riƙe, kai ka tsaya gefe kana kallo har ya buɗe shafin da kansa. Rubuta sunan Wi-Fi, adireshin, da lambar mojul ɗin a takarda ka manna a cikin murfin akwati, kalmar sirri kuma ka ba shi a hannu. Mojul na biyu da ka saya, ɗora masa shiri iri ɗaya ka bar masa, ka kuma ɗora allon a kan soket maimakon soda, yadda duk mai gyaran waya a Wunti zai iya zare tsohon ya soka sabon.